Tsagar da ke Tsakiyar Daɓe

Gidana yana bakin garin Funtua, ta wajen hanyar Bakori, a unguwar da duk gonaki ne kafin a yanka ta fuloti-fuloti. Lokacin da muka tare, masara ce maƙwabciyarmu ta gabas da ta kudu. Ina da shagon taki da maganin feshi a cikin gari, ina kuma da wata tsohuwar a-kori-kura da nake ɗaukar kaya da ita. A daminarmu ta farko motar nan ta kafe tsakanin get da rumfar da nake ajiye ta sau ba adadi. Ƙasar wurin laka ce, in ta sha ruwa sai ta riƙe taya gam. Ranar da na fita da farar shadda ta koma ja har gwiwa saboda turin mota, ranar na yanke shawarar yin daɓen kankare daga bakin get har rumfa.

Birkilan da ya gina mini gidan shi na kira. Mutumin Malumfashi ne, dogo, ba ya yawan magana. Da ruwa ya ɗauke ya zo da leburorinsa, suka kankare laka, suka zuba jar ƙasa suka daddaɓe, aka shimfiɗa rodi, aka kwaɓa siminti da yashin rafi da tsakuwa. Kafin ya bushe ya ja masa layuka a tsallake, ya ce in zai tsage to ya bi nan. Kwana bakwai ina ba daɓen ruwa safe da yamma, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara don kada rana ta ƙona shi. Ranar da na fara hawa kansa da mota, sai da na fita na sake shigowa don jin daɗi kawai.

Ban san na ɗauko wa kaina aiki ba. A nan wajenmu in damina ta kankama ruwa ba ya wasa, kuma da ya tsagaita sai rana ta buɗe, ƙasa ta riƙa tururi, mutum yana zaune zufa na bin bayansa. Wannan laima da zafi su gansakuka ke so. Kwana kaɗan sai gefen daɓen da katanga ke yi wa inuwa ya zama kore shar, da santsin da zai iya kayar da babban mutum. Duk Asabar nakan naɗe wando, in watsa garin sabulu, in bi da buroshi mai tauri, in ɗauraye. Ciyawar da ke tsirowa a layukan in cire ta da tsohuwar wuƙa. Inda baƙin mai ya ɗiga daga mota in barbaɗa toka ya kwana, washegari in share. Matata takan tsaya a baranda tana dariya, tana cewa ko farantin cin abincina ba ya samun wannan gata.

Wadda ta fi kowa morar daɓen ita ce Inna, mahaifiyata. Da ƙyar na rabo ta da ƙauyenmu na wajen Gozaki bayan rasuwar mahaifinmu. Sau uku tana haɗa kayanta za ta koma, ta ce gidan birni kurkuku ne, ba inda mutum zai miƙe ƙafa ya yi aikin hannu. Daɓen nan ne ya zaunar da ita. Da na fita da mota da safe, sai ta share tsakiyarsa, inda rana ta fi daɗewa, ta baza shanyarta: yankakkiyar kuɓewa, tattasai, ganyen kuka, wani lokacin surfen masara. Ta sa ’yar kujerarta a wurin tana korar kaji. A hankali matan maƙwabta suka fara kawo tasu shanyar, ana hira. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kiran sunana. “Kai wannan,” haka take ce mini. Wata rana ta ce, “Kai wannan, duk ginin da ka yi, wannan ne mai amfani.”

A damina ta uku na ga tsagar. Ina wanke gansakuka ne na lura da wani siririn layi kamar zare a tsakiyar daɓen. Bai bi layukan da birkila ya ja ba, kuma ba miƙaƙƙe ba ne, ya ɗan lanƙwasa. Na kira shi a waya ya zo ya duba. Ya durƙusa, ya bi layin da farce.

“Ba komai, Alhaji,” ya ce. “Siminti ne. Rana ta gasa shi, ruwa ya sanyaya shi, dole ya motsa. Toshewa za a yi kada ruwa ya shiga.”

Ya buɗa tsagar da kurfi kaɗan, ya wanke, ya cike da kwaɓin siminti mai laushi, ya goge da cokalin gini. Ya koya mini yadda zan yi da kaina in ta sake fitowa.

Ta sake fitowa kuwa, ba a yi wata ɗaya ba. Facin ya rabu biyu, tsagar ta ƙara tsawo ta kowane gefe. Na toshe. Ta buɗe. Na narka kwalta a gwangwani na tsiyaya mata, don an ce ita tana miƙewa. Kwaltar ta zauna mako biyu, sannan na tarar ta nutse ciki, kamar an zuƙe ta daga ƙasa. Da rani ya zo abin ya lafa, har na manta. Ruwan farko na damina ta huɗu yana sauka, sai ga wata tsagar ta fito daura da ta farko, ita ma a lanƙwashe, tana fuskantar ’yar’uwarta.

Ban gane abin da nake kallo ba sai ranar da na hau tsani zan gyara indararo. Daga sama na waiwayo, na ga tsagogin nan biyu sun kusa haɗewa ta kai da ta gindi. Da’ira ce suke zanawa, faɗinta zai kai tsawon mutum in ya kwanta. Kujerar Inna tana tsakiyarta daidai.

Na sauko, na gaya wa kaina sa’a ce kawai.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Da can in an yi ruwa, duk yana gangarawa ne zuwa kwata ta bakin get, don haka aka karkata daɓen. Sai na fara ganin ruwa yana kwanciya cikin da’irar, ɗan kaɗan, iya tafin ƙafa. Ina share shi da tsintsiya. Bayan wasu makonni ya daina kwanciya. Na yi murna, har ranar da na tsaya a wurin da lema ana tsakiyar ruwa. Ruwan yana tahowa daga ko’ina na daɓen, har wanda ya kamata ya bi kwata, yana shigewa tsagar. Na sunkuya na kasa kunne. A ƙarƙashin ƙarar ruwan da ke dukan lema, na ji wani sauti daban, irin na ruwan da ake tsiyayawa cikin randa wadda babu komai a cikinta.

Matata ce ta fara faɗa da baki. Wata maƙwabciya ta zo bugun wake a kan daɓen, ita kuma tana taya ta. Da yamma ta same ni ina alwala, ta ce, “Abban yara, ka taɓa jin yadda wurin nan yake amsawa? In sanda ta faɗa can gefe sai ka ji ƙau, in ta faɗa inda Inna ke zama sai ka ji dum, kamar ganga.”

Na ce mata rodin ciki ne. Da gari ya waye, kafin kowa ya fito, na ɗauki guntun ƙarfe na bi daɓen ina ƙwanƙwasawa daga get zuwa rumfa. Gaskiyarta ne. Daga ranar na daina bi ta tsakiya da mota, nake raɓawa ta jikin katanga har madubi yana gogar fenti.

Akwai wani dattijo da ke zuwa shagona sayen taki mudu-mudu. Ɗan asalin wurin ne, gonar da aka yanka unguwarmu a cikinta ta yayansa ce, ’ya’yan yayan ne suka sayar bayan ya rasu. Wata Juma’a bayan an sauko daga masallaci na rage masa hanya, na ce ya shigo ya sha ruwa. Muka shigo a ƙafa. Yana tafe yana dogara sanda yana yaba ginin, sai ya tsaya cak. Ya dubi tsagar, ya ɗaga kai ya dubi wata tsamiya da ke can bayan katangar maƙwabcina, ya sake duban ƙasa. Sannan ya ja da baya, ya kewaye da’irar ta gefe, bai taka ta ba.

“Baba, lafiya?” na tambaye shi.

“Yaushe wannan ta fito?”

“Bara. Ina ta toshewa tana buɗewa.”

“Ba za ta toshu ba, ɗana.” Ya nuna da sandarsa. “Nan rijiyar yayana take. Da ita yake ban-ruwan albasa da rani. Ni na riƙa jan ƙasa da guga lokacin da ake haƙa ta. Gaba goma ta yi, ko fiye.”

Na ce, “Amma an cike ta ai.”

“An cike. Wani maraƙi ne ya faɗa ciki, ba a iya fito da shi ba, yayana ya yi fushi ya ce a rufe. Da me aka cike? Karan dawa, totuwar masara, sharar gona, duk abin da hannu ya kai. Aka zuba ƙasa a sama aka ci gaba da noma. Kowace shekara wurin yana lotsawa, muna ƙara ƙasa. Kara ai ruɓewa yake.” Ya girgiza kai. “Kai kuwa ka rufe da siminti, ba ka ganin lotsawar. Tana can tana yi.”

Inna tana ɗaki tana sallah a lokacin, ba ta ji ba. Na raka dattijon har bakin titi, na dawo na gaya wa matata komai. Ta ce a faɗa wa Inna yanzu-yanzu. Ni na hana. Inna tana da hawan jini, wannan shi ne dalilin da na ba matata. Dalilin da ban faɗa ba shi ne, na san in ta ji shekara uku tana zaune a bakin rijiya, a ranar za ta ɗaure kayanta ta koma ƙauye, kuma a lokacin hanyar ƙauyenmu ba ta da kwanciyar hankali. Ga kunya. Ni da na yi ta tutiya da daɓen nan.

Washegari birkila ya zo. Ya ƙwanƙwasa da guduma sau uku, a hankali, ya miƙe ya koma gefe.

“Rodi ne kaɗai ke riƙe da shi,” ya ce. “Fasawa za a yi. Amma ba yanzu ba, Alhaji. Marka ake yi. In na buɗe ramin nan ruwa ya samu hanya, bakinsa zai yi ta zaftarewa, ba mu san inda zai tsaya ba. Yana iya cin har gindin katanga. A bari ruwa ya ja baya. Kafin nan ko akuya kada ta taka.”

Muka ɗauko tsofaffin tayoyi huɗu da wasu bulo muka kewaye wurin. Na ce wa Inna sabon siminti aka sa, ba a son a taka. Matata ta sallami maƙwabta da shanyarsu da irin wannan maganar. Inna ta koma shanya a baranda tana mita, ta ce rana ba ta isa can, kuɓewarta tana yin fumfuna.

Makonnin nan ba na jin na taɓa kallon sama kamar yadda na kalle ta a cikinsu. Ina shago ina auna wa mutane taki, in hadari ya taso ta gabas sai in bar awon in fito bakin ƙofa ina kallonsa. Kowace safiya nakan ɗora miƙaƙƙen katako a kan da’irar daga waje, in leƙa ƙarƙashinsa. Da farko ɗan yatsa ɗaya ke shiga tsakanin katakon da daɓen. Bayan mako guda, biyu. Tururuwan da ke zirga-zirga a tsagar suka ƙaurace mata. Wata safiya bayan an kwana ana yayyafi na ji kukan kwaɗo, na yi ta dube-dube a gindin katanga ban gan shi ba. Sai da na tsaya shiru na gane daga ƙarƙashin ƙafata kukan yake fitowa, daga can nesa.

Aka samu kwana huɗu ba ruwa. Rana ta buɗe, zafi ya dawo da nauyinsa, mutane suka fara cewa damina ta kama hanyar tafiya. A rana ta biyar matata ta kai yara asibiti rigakafi, ni kuma na tafi Kafur kai kaya. Ina dawowa wajen la’asar na hango hadari ya haɗo baƙi ƙirin a bayana. Na taka mota, iska tana kaɗa masarar gefen titi har tana kwanciya.

Na sauka na tura get. Tayoyin nan an mirgine su gefe, an jera bulon a jikin katanga tsaf. Tabarma biyu a shimfiɗe a tsakiyar da’irar, cike da kuɓewa. Inna tana tsaye a kansu, ta sunkuya, tana kwasa tana zubawa a kwarya kafin ruwa ya sauko. Tsagar da na bari da safe kamar bakin wuƙa, yanzu daga bakin get nake hango baƙinta.

Na bar motar a waje. Na tako har iyakar inda na san ƙasa ce mai ƙarfi, na tsaya. Na so in ruga in ɗauke ta, amma na san nauyina da nata ba za su haɗu a wurin ba. Na so in yi ihu, na ji tsoron kada ta firgita ta yi tsalle ko ta faɗi.

“Inna,” na ce, ina ƙoƙarin daidaita murya. “Taho nan.”

Ba ta ɗago ba. “Kai wannan, zo ka kama mini tabarmar can, ba ka ga hadari ba?”

“Bar ta. Taho tukuna.”

“In bar kuɓewar kwana huɗu? Simintin naka ai ya bushe tun tuni, na taɓa na ji.”

Ɗigon farko ya faɗo a kan daɓen, manya-manya. Sai na ji wani sauti, ƙas, ba mai ƙarfi ba, kamar an karya busasshen kara. Wata ’yar tsakuwa da ke bakin tsagar ta gangara ciki. Ban ji faɗuwarta ba.

“Inna, don girman Allah, ajiye kwaryar nan ki taho wajena. A hankali. Kada ki yi sauri.”

Ban san me ta ji a muryata ba. Ta miƙe, ta dube ni, ta dubi inda idona yake kallo. Ba ta ajiye kwaryar ba, rungume ta ta yi. Taku huɗu ne tsakaninmu. Na ƙirga su. Da ta tsallako tsagar na damƙi hannunta da ƙarfin da sai da ta ce wash, na ja ta har baranda.

Ruwan ya kece. Muka tsaya a baranda ni da ita. Ruwan indararo da na daɓen duk suka nufi da’irar suna shigewa. Ba a tashi ɗaya daɓen ya rufta ba. Gefen da ke wajen rumfa ne ya fara sunkuyawa, kaɗan-kaɗan, kamar faifan da aka ɗora a bakin tukunyar da ta fi shi faɗi. Rodin ciki ya riƙa kuka. Tabarmar farko ta fara zamewa, kuɓewar tana gangarawa, sannan tabarmar ta naɗe ta shige. Ta biyu ta bi ta. Can sai kankaren ya karye a tsakiya, rabi ya tafi, rabi ya rataye a jikin rodi yana lilo. Sai da aka ɗan jima muka ji saukarsa, tare da ƙarar ruwa. Wani wari ya taso, na ruɓaɓɓen abu mai sanyi, har baranda.

Inna ta zauna a ƙasa, kwaryar tana kan cinyarta. Ta yi salati a hankali. Sannan ta juyo.

“Ka sani?”

“Na sani, Inna.”

“Tun yaushe?”

“Mako uku.”

Na zaci za ta yi faɗa, da na fi son hakan. Ta ce, “Yaran gidan nan a nan suke cin gyaɗa tare da ni.” Ta tashi ta shiga ɗaki.

Kwana uku ba ta amsa mini komai ba sai gaisuwa. Matata ma ba ta ce “na faɗa maka” ba, ta dai riƙa kulle ƙofar falo da makulli don kada yara su fita. Inna ba ta koma ƙauye ba. A rana ta huɗu ta aiko a kira ni, ta ce ita ba yarinya ba ce, ta binne miji, ta binne ’ya’ya biyu, ba labarin rijiya ne zai kashe ta ba. Ta ce abin da ya kusa kashe ta shi ne shiruna. Na ba ta haƙuri, kaina a ƙasa.

Birkila ya zo ya rufe bakin da fallayen kwanon rufi da leda, aka yi masa shinge, aka tare ruwa da buhunan yashi. Bakin ya ƙara zaftarewa sau biyu kafin damina ta ƙare, amma bai kai katanga ba. Da kaka ta yi aka buɗe. Muka ɗaura tocila a igiya muka zura. Bangon rijiyar yana nan da sawun diga a jikinsa, kamar jiya aka haƙa. Can ƙasa baƙin ruwa ne, da gefen tabarma ɗaya a sama. Igiyar da muka zura ta fi tsawon mutum uku kafin ta taɓa ruwan.

Tifa-tifa aka riƙa kawo duwatsu daga wajen masu fasa dutse. Manya aka fara jefawa, sannan matsakaita, sannan jar ƙasa, ana zuba ruwa ana daddaɓewa. Birkila ya ƙi zuba kankare a shekarar. Ya ce sai wurin ya sha damina guda a buɗe, mun ga iyakar lotsawarsa. Haka na shekara ina raɓa mota ta jikin katanga, ina ƙara jar ƙasa duk lokacin da wurin ya zauna. Sai a rani na biyu aka sake daɓen, da rodi mai kauri ninki biyu da aka zarce da shi nesa da bakin rijiyar ta kowane gefe.

Ranar da ake zuba kankaren dattijon nan ya zo kallo. Ya tsufa sosai a wannan tsakanin, sai da aka ba shi kujera. Ya zauna yana kallon leburori suna kai-kawo da kwanukan kwaɓi. Ya yi mini barka, ya ce aiki ya yi kyau. Can ya ce, kamar mai magana da kansa, “To, wannan dai an gama da ita. Saura ɗayar.”

Na ce, “Wace ɗayar, Baba?”

“Ai biyu ne. Yayana ya fara haƙa wata, ya yi nisa, ruwanta ya fito da zartsi, albasa ba ta so. Shi ne ya dawo nan. Waccan ma da kara aka cike ta.”

“A ina take?”

Ya miƙe da ƙyar, na riƙe masa hannu. Muka fita waje, ya tsaya yana neman abin da zai yi kwatance da shi. Ya ce akwai wata ɗorawa, daga gindinta taku kaza ne zuwa yamma. Babu ɗorawar, masallacin unguwa ne a inda yake zato. Ya ce akwai suri babba. An daɗe da baje shi. Ya nuna katangar da ke tsakanina da maƙwabcina. Sai ya juya ya nuna bayan gidana, wajen ɗakunan kwana. Ya sake juyawa. Idonsa ya kawo ruwa don takaici.

“Gine-ginen nan sun rikita ni,” ya ce. “Bari in je gida in natsu. Zan tuna.”

A yammacin ranar na tara Inna da matata na gaya musu, na kuma shiga gidan maƙwabcina na gaya masa. Malamin makaranta ne, mutum mai sanyin hali. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Allah ya tsare. Muka bi gidajen biyu ɗaki-ɗaki muna duba bango da ƙasa, ba mu ga komai ba. Na nemi ’ya’yan mai gonar, suka ce su suna ƙanana lokacin, ɗaya ma bai san an taɓa yin rijiya ba.

Bayan mako biyu na je gidan dattijon da goro. Na tarar da shi kwance a zaure, ciwo ya taɓa masa rabin jiki. Ya riƙe hannuna yana murmushi, yana kirana da sunan wani ƙanensa da ya daɗe da rasuwa. Na zauna kaɗan, na yi masa addu’a na fito. Bai kai azumin shekarar ba.

Damina biyu ke nan da yin sabon daɓen. Bai tsage ba. Ina wanke masa gansakuka duk Asabar kamar da, ina cire ciyawa, ina toshe duk wata ’yar kafa tun tana ƙarama.

A watan jiya, bayan wani ruwa da aka wuni ana yi, maƙwabcina ya yi sallama da safe kafin in fita. Yana sanye da rigar zuwa aiki, amma ƙafarsa silifas ne. Muka gaisa. Ya tsaya yana murza makullin babur ɗinsa.

“Alhaji,” ya ce, “in ba za ka makara ba, zo ka ga wani abu. Ƙofar kicin ɗinmu ce. Shekara shida tana rufuwa lafiya. Tun shekaranjiya ta ƙi shiga gidanta.”